Yaron da Ya Daina Barci, da Littafin da Muka Tarar a Wayarsa



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba mu dare don mu huta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Ku daure ku kai ƙarshe, musamman iyaye. Na nemi izinin mai labarin kafin in rubuta, kuma ba zan faɗi sunansa ko unguwarsa ba.

Mako uku da suka wuce, bayan sallar La'asar, wani dattijo ya zauna har masallaci ya watse. Manomi ne a nan Kibiya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, ina da magana." Ɗansa ne mai shekara 14, kusan wata guda kenan ba ya barcin kirki. Da an kashe fitila sai ya ƙanƙame jikinsa. Tsakar dare ya farka da ihu, wai ga wani abu mai kan kare, tsayinsa ya kai rufin ɗaki, jini na zuba daga bakinsa. Yaro ya rame, tashinsa sallar Asuba sai an yi da gaske, a makaranta kuwa gyangyaɗi.

A gida an riga an gama shari'a. Kakar yaron ta ce kamun mayu ne, har ta nuna wata tsohuwa maƙwabciyarsu da ta taɓa ba shi ƙuli-ƙuli. Matan gidan sun daina amsa mata gaisuwa. An kuma kwatanta musu wani mai magani a wani ƙauye, ya aiko cewa a zo da baƙin bunsuru da kuɗi, za a zubar da jini, daga baya a sa tsohuwar ta tsallake yaron.

Ya ce, "Jibi za mu tafi, Malam. Amma wallahi zuciyata ba ta kwanta ba."

Na ce, "Baba, wannan rashin kwanciyar zuciyar imani ne, ku gode wa Allah. Kada a je ko'ina tukuna. A turo min yaron bayan Magariba, in yana da waya ya zo da ita."

Yaro ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni. Tsohuwar wayar yayansa ce a hannunsa, gilashin duk ya tsage. Muka yi hirar makaranta da ta ƙwallo har ya saki jiki. Sai na ce, "Ɗana, me kake kallo da daddare?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wallahi ba na batsa ba ne." Na ce na yarda, nuna min.

Ya buɗe wani wuri a memori. Shafuka ne na labari cikin zane, da wasu guntayen bidiyo. Wani mutum da doguwar riga da hula mai tsini, hannu ɗaya bindiga, ɗaya wata irin adda mai haƙoran zarto. Gari duk duhu, gawarwaki a rataye, ana ƙona wasu. Na ci gaba da turawa. A wani shafi sai ga dabbar nan mai kan kare, daidai yadda uban ya siffanta min ita da La'asar. Wani abokinsa da ya je hutu Kano ne ya tura masa ta Xender. Turancin ba ya ganewa sosai, hotunan yake bi, a cikin bargo, har caji ya ƙare.

MENE NE WANNAN LITTAFI?

Akwai ƙa'idar da malamanmu na usulu suka yi ta nanata mana a jami'a: ba ka yanke wa abu hukunci sai ka san yadda yake. A Suratul Isra'i aya ta 36 ma Allah Ya hana mu bin abin da ba mu da iliminsa. Don haka na karɓi aron wayar kwana biyu, na zauna da ƙanena da ke karatu a Jami'ar Bayero, muka bi abin daki-daki.

Sunansa Bloodborne. A Turance kalmar tana nufin abin da jini ke ɗauke da shi, kamar cutar da ake kamuwa da ita ta jini. Asalinsa wasan gem ne. Wani kamfani na birnin Tokiyo a Japan mai suna FromSoftware ya ƙirƙira shi, ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, kamfanin Sony ya fitar da shi a watan Maris na 2015 a kan na'urar PlayStation 4, wadda yaranmu ke ce wa PS4. Shekara uku bayan haka, a 2018, wani kamfanin ɗab'i na Landan, Titan Comics, ya fara fitar da labaran duniyar wasan a littattafan zane. Aleš Kot ne ya rubuta na farko-farkon, Piotr Kowalski ɗan ƙasar Poland ya zana. Littafin zane shi ne wanda ake ba da labari da hotuna gida-gida, a rubuta maganar kowa a wani ɗan zagaye kusa da bakinsa.

Kashi na farko sunansa The Death of Sleep. Da ƙanena ya ce min ma'anarsa mutuwar barci, sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Labarin wani mafarauci ne marar suna da ke ƙoƙarin fitar da wani yaro daga garin da annoba ta cinye. Kashi na biyu, The Healing Thirst, wato ƙishirwar waraka, labarin wani likita ne da wani malamin coci suna binciken tushen annobar.

Wannan salon labari Turawa suna kiransa Gotik. Asalin kalmar salon gini ne na manyan coci-cocin Turai masu dogayen hasumiyoyi, wanda ya faro a Faransa a ƙarni na 12. Daga baya sunan ya koma kan labaran ban tsoro da ake ginawa a irin waɗannan wurare: kufai, maƙabarta, hazo, dare, jini, da la'anar da ke bin zuriya. Horace Walpole ya buɗe ƙofar a Ingila a 1764, Mary Shelley ta fitar da Frankenstein a 1818, Bram Stoker ya fitar da Dracula, mai shan jini, a 1897. Masu wannan wasa sun kuma ɗebo daga wani marubucin Amurka, H. P. Lovecraft, wanda ya mutu a 1937. Mutum ne da bai yi imani da Allah ba. Tunanin da ke bin labaransa shi ne duniya ba ta da mai kula da ita, akwai wasu manyan halittu da ɗan Adam bai kai ƙwaro ba a wurinsu, kuma wanda ya leƙa gaskiyar al'amari hauka zai yi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani abu kuma: hukumomin da ke tantance wasanni a Amurka da Japan sun sa wa wasan shekara 17 zuwa sama, na Turai shekara 16. Su da abin ya fito daga wurinsu ba su yarda ɗan shekara 14 ya taɓa shi ba. Mu ga shi a Kibiya, a cikin bargo, ƙarfe ɗayan dare.

LABARIN A TAƘAICE

Wani ƙagaggen gari ne, Yharnam. Wasu masana suka tono wani tsohon jini a ramukan da ke ƙarƙashin garin, suka ga yana warkar da kowace cuta. Babban malaminsu ya ce a ji tsoron wannan jini. Wani almajirinsa ya ƙi ji, ya fita ya kafa majami'ar warkarwa, aka shiga ɗura wa mutane. Gari ya shahara, marasa lafiya suna tururuwa daga nesa, har jama'ar garin suka fi son jinin a kan giya. Sannu a hankali masu shan maganin suka fara rikiɗa suna zama namun daji. Shugabannin majami'ar suka ɓoye gaskiya, suka ɗauki mafarauta suna kashe waɗanda suka rikiɗa cikin dare, har aka cinna wa tsohuwar unguwar garin wuta. Mafarautan ma jinin ya bugar da su. Shi kansa wanda ya kafa majami'ar ƙarshensa ya zama dabba.

A cikin wasan, kai ne mafaraucin. In an ji maka rauni, jini za ka ɗura wa kanka. Kuɗin da kake sayayya da su daga jinin waɗanda ka kashe suke fitowa. In an kashe ka, ka farka ka sake dawowa, haka har sau ɗari. Ƙarshen wasan uku ne: ko ka farka ka manta komai, ko ka maye gurbin wani tsoho a keken guragu ka dawwama a cikin mafarkin, ko kai ma ka rikiɗa ka zama ɗaya daga cikin halittun nan. Zaɓi kenan.

Zan yi adalci, don Allah Ya umarce mu da shi ko a kan wanda ba mu so. A shafukan da na gani ban ga batsa ba. Mai zanen gwani ne. Labarin kuma ba yabon shan jini yake ba, yana nuna ƙarshen kwaɗayi ne da ha'incin shugabannin addini. Amma gane cuta daban, ba da magani daban.

TO, MENE NE HUKUNCINSA?

Na farko. Wannan littafi ba laya ba ce, ba sammu ba ne. Mun yi imani akwai aljanu, akwai sihiri, akwai kambun baka, duk nassi ya tabbatar. Sai dai ba kowane firgici ne aikinsu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa mafarki kashi uku ne: akwai bushara daga Allah, akwai wanda Shaiɗan ke kawowa don ya baƙanta wa mutum, akwai kuma abin da mutum ya yini yana saƙawa a ransa sai ya gan shi a barci. Yaron da abin da idonsa ke gani na ƙarshe kullum shi ne dodo mai jini a baki, me kuke tsammanin zai gani in ya rufe ido? Abin da ka zuba a tulu shi za ka tsiyayo. Shaiɗan kuma ya samu kayan aiki a ɓagas.

Na biyu. Asalin wasa da nishaɗi halal ne. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Habashawa sun yi wasan masu a masallacinsa. Mas'alar zanen mai rai kuwa akwai hadisai masu tsanani a kanta, malaman zamani kuma sun yi saɓani kan hoton da ke cikin na'ura. Wannan darasi ne mai zaman kansa, ba shi na zo yi yau ba. Ko da mun ɗauki fatawa mafi sauƙi, sauran tambaya ɗaya: yana cutarwa? Shari'a ta ce a gusar da cuta. Annabi (SAW) ya hana a tsorata Musulmi ko da wasa. Ayar Isra'i da na ambata ta ci gaba da cewa ji da gani da zuciya duk za a tambaye mu a kansu. Saboda haka abin da na fahimta, wallahu a'alamu, bai halatta uba ya bar yaro da irin wannan ba. Babba kuma ya tambayi kansa me yake ƙaruwa da shi.

Wani zai ce, Malam, mu ma ai da labarin Dodo muka tashi. Gaskiya ne. Amma wa ya ba ka labarin? Kakarka ce, a tsakar gida, ga 'yan uwanka a gefe. Tana kallon fuskarka, in ta ga tsoro ya yi yawa ta sako Gizo a yi dariya. A ƙarshe a ga bayan Dodo, a ce ƙurunƙus, ka yi barci a cinyarta. Wannan yaro shi kaɗai ne da Dodon, babu kaka, babu ƙurunƙus.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Jinin da ke shafukan bai kai saƙon da ke ƙarƙashinsu haɗari ba. Duniya ce da babu Ubangiji Mai rahama a cikinta. Masu addu'a a labarin, abin da suke roƙo shi ne ke halaka su. Ilimi hauka yake kawowa. Tuba ba ta da ƙofa. Wannan shi ne tunanin Lovecraft da na ce ku riƙe. Yaro ba zai iya faɗarsa da baki ba, amma zuciya tana sha kamar yadda ƙasa ke shan ruwa. Mu kuwa an gina mu a kan tsoro da fata tare. Annabi Yaƙubu, bayan shekaru da rasa ɗansa, ya hana 'ya'yansa ɗebe ƙauna daga rahamar Allah, a Suratu Yusuf aya ta 87. A Suratuz Zumar aya ta 53 Allah Ya kira waɗanda suka yi wa kansu ɓarna Ya hana su yanke tsammani. Shi ma Alƙur'ani yana tsoratarwa, ya siffanta wuta da tashin kiyama, amma tsoron Allah yana kora ka ne zuwa gare Shi. Tsoron da ke wannan littafi ba shi da inda zai kai ka.

Na huɗu, lokaci. Bukhari ya ruwaito daga Abu Barza cewa Annabi (SAW) ba ya son hira bayan Isha'i. A hadisin Ibn Abbas kuma ya ambaci lafiya da sarari a matsayin ni'imomi biyu da mutane da yawa ke asararsu. Duk wasan da ya cinye Asuba ya haramta, ko na ƙwallo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta amince da sanya kamuwa da wasan gem cikin jerin matsalolin lafiya, ga wanda abin ya fi ƙarfinsa har ya ɓata masa karatu da mu'amala.

GARIN YHARNAM A GIDAJENMU

'Yan uwa, abin da ya hana ni barci a daren ba littafin ba ne kaɗai. Ina karanta labarin mutanen da suka nemi waraka a jini suka halaka, sai na tuna jibi za a kai baƙin bunsuru a zubar da jini don neman waraka. Yaron yana kallon labarin a waya. Manyan gidan kuwa sun kusa aikata shi da hannunsu.

Ku duba abin da aka kusa yi. Yanka don wanin Allah: Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa an la'anci mai yinsa. Zuwa wurin boka: Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa kwana 40. Sannan ƙazafin maita ga tsohuwa Musulma, wadda laifinta kawai ta ba yaro ƙuli-ƙuli. Suratul Hujurat aya ta 12 ta ce mu nisanci yawan zato, don wani zaton zunubi ne. Kowa a nan ya san yadda kalmar mayya take. In ta fita ba ta komawa. Za ta bi tsohuwar har kabari, ta bi 'ya'yanta, ta hana jikokinta mata aure. Manyan laifuka uku, don maganin abin da ke cikin memorin waya.

Allah bai sanya warakarmu a cikin abin da Ya haramta mana ba. An ruwaito wannan ma'ana daga Ibn Mas'ud. Da wani sahabi ya ce yana haɗa giya ne don magani, Annabi (SAW) ya gaya masa ita kanta cuta ce. Mun gani da idonmu. Kodin maganin tari ne, samari da 'yan mata har da matan aure suka mayar da shi abin sha, sai da BBC ta fitar da bincikenta a 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Abin da aka kira magani ya mayar da 'ya'yan mutane abin tausayi. Wannan ba ƙagaggen gari ba ne, Kano ce.

Mu malamai ma akwai namu a ciki. A labarin, masu rigar addini ne suka sayar wa jama'a da cutar, suka kuma ɓoye gaskiya don kada kasuwa ta mutu. Duk wanda ya ɗaura rawani yana cin abinci da tsoron mutane, kowane ciwon kai ya ce sammu ne, kowane mafarki ya ce maƙwabci ne, to ya ji tsoron Allah. Da kaina nake farawa.

A nan sai na yi tsokaci don kada a fahimce ni a karkace. Jinin da Allah Ya haramta a Baƙara aya ta 173 da Ma'ida aya ta 3, ci da sha ake nufi. Ƙarin jini a asibiti ga wanda ya buƙata malamai sun halatta shi, bayar da shi kuma sadaka ce babba. In aka ce matarka ko ƙanwarka tana buƙatar jini wajen haihuwa, miƙa hannunka, kada ka ce Malam ya hana.

ABIN DA ZA MU YI

Da dattijon ya ga shafukan, cewa ya yi zai fasa wayar ya kuma zane yaron. Na ce, "Baba, ku yi haƙuri. In kun fasa wannan, ta abokinsa tana nan. In kun doke shi, ba zai ƙara gaya muku komai ba." An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun 2001. A 2007 har littattafai aka ƙona a wata makarantar 'yan mata a Kano, zamanin A Daidaita Sahu. Takarda tana ƙonuwa. Amma wace hukuma ce za ta shiga bargon ɗanka ƙarfe ɗayan dare? Daga Tokiyo zuwa Landan, zuwa Kano, zuwa Rano, zuwa Kibiya, abin bai tsaya a shingen kowa ba. Shingen da ya rage shi ne kai. Kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi kiwonsa, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Umar.

Ga abin da na ba shi shawara, ku ma ga shi:

1. Ka san abin da ke wayar ɗanka. Ka zauna kusa da shi ka ce nuna min, cikin sakin fuska. Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha cewa sauƙin hali ba ya shiga abu face ya ƙawata shi.

2. Waya ba ta kwana a ɗakin yara. Bayan Isha'i a tattara, a ajiye a ɗakin uba ko uwa. Kai ma ka rage naka latse-latsen, don yaro da ido yake koyo.

3. Ku goge abin tare, bayan ka fahimtar da shi dalili. Wanda ya goge da hannunsa ya fi wuyar sake nema.

4. A dawo da azkar na barci: alwala, Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafi a shafe jiki sau uku. In ya yi mugun mafarki ya yi tofi ta hagu sau uku, ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya juya kwanciya. Duk sun tabbata a sunna.

5. In ka ɗauke abu, ka ajiye wani a gurbinsa. Wasu malaman tafsiri sun ambata, a ƙarƙashin aya ta 6 ta Suratu Luƙman, cewa Nadru ɗan Harisu yakan kawo labaran Rustum da Isfandiyar daga Farisa don ya janye mutane daga sauraron Alƙur'ani. Tun a Makka ana wannan gasar. Yaro yana son jarumta da fargaba, halittarsa ce. Ka ba shi Annabi Yusuf a rijiya, Annabi Yunus a cikin kifi, daren Hijira a kogon Sauru, Khalid ɗan Walid a Mu'uta. Akwai duhu a cikinsu, akwai tsoro, amma akwai Allah.

6. In firgicin ya ƙi ƙarewa, a haɗa ruƙiya ta shari'a da zuwa asibiti. Ba sa karo da juna.

7. Masu gidajen gem da masu tura fina-finai a waya, sana'arku ba haram ba ce a kanta, amma ku dubi shekarun wanda ke gabanku. Abin da ba za ka tura wa ƙanenka ba, kada ka tura wa ɗan wani saboda 'yan canji.

YADDA AKA ƘARE

Ba a je ƙauyen ba, alhamdu lillahi. Dattijon ya mayar da yaron ɗakinsa na wasu kwanaki, suna yin azkar tare. Ya ce min bayan kamar kwana goma ihun ya tsaya. Har yanzu yakan farka jefi-jefi, amma yana komawa barci.

Abin da ya fi wuya shi ne zuwa wurin tsohuwar. Na ce masa wannan haƙƙin ɗan Adam ne, istigfari kaɗai ba ya ɗauke shi. Ya ɗauki goro da sabulu, ya tafi da mahaifiyarsa, wadda sai da aka sha fama kafin ta yarda. Ya ce tsohuwar ta yi kuka ta ce, "Na ga an daina amsa min gaisuwa, na rasa me na yi. Na yafe, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Sai dai maganar ta riga ta fita unguwa, wanke ta zai ɗauki lokaci. Wannan na cikin dalilan da suka sa na rubuta wannan. Duk wanda ya ji labarin a baya, to ga gaskiyarsa, kuma wajibi ne ya kai ta inda ya kai na farkon.

Shi kuwa yaron, ranar da ya zo karɓar wayar na ga bayan littafinsa na makaranta cike da zane. Hannunsa yana da kyau ƙwarai. Ashe abin da ya fara jan shi kenan, gwanintar mai zanen. Na haɗa shi da wani alaramma da ke zayyanar allon sauka, yanzu duk Alhamis yana can yana koyon haɗa launi da jan layi. Baiwa ce Allah Ya ba shi, shekara 14 babu wanda ya lura a gidan, sai da wani mai zane daga Poland ya riga mu isa wurinta. Wannan ma abin mu yi wa kanmu hisabi ne.

Yau da daddare, kafin ka kwanta, ka leƙa ɗakin yaranka. In ka ga haske a ƙarƙashin bargo, kada ka fara da tsawa. Zauna a bakin katifar ka tambaya.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare idanunsu da zukatansu. Allah Ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinSa, Ya raba mu da shirka babba da ƙarama. Wanda ke fama da firgici ko rashin barci, Allah Ya saukar masa da natsuwa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne da Shaiɗan, ina neman gafarar Allah.

Ku tura wa iyayen da kuka sani, wataƙila wani gidan ana shirin sayen bunsuru.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.